Shekarar da Babana Ya Tsallake Saniya

Wannan babin ba don daɗi nake rubuta shi ba. Na ba ku labarin tashina a Karare, na ba ku na aurena da babanku a Ruma, amma duk lokacin da na iso nan sai in ajiye alƙalami in nemi wani aikin. To yanzu ƙarfi ya ja baya, ido ya fara hazo, kuma na ji da kunnena wata jikata ta dawo daga biki tana tambayar uwarta wai da gaske ne kakanmu na Karare maye ne. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Mutumin da ƙasa ta daɗe da rufe wa ido, har yau bakin mutane bai sake shi ba. Saboda haka ku ji yadda abin ya faru daga bakin wadda aka yi a gabanta, in kun ji kuma ku faɗa wa 'ya'yanku yadda na faɗa, kar ku rage, kar ku ƙara.

Babana sunansa Nomau. Gidanmu gidan Maguzawa ne tun kaka da kakanni, ba na ɓoye wannan, kuma ba abin kunya ba ne. Shi ya musulunta tun ina goye, liman ya sa mashi Abdullahi, amma ba wanda ya taɓa kiransa da shi, Nomau ya tashi, Nomau ya koma. Salla ba ta wuce shi, azumi ba ya sha, sai dai akwai abu guda da bakinsa bai taɓa koya ba. In ya ga abu mai kyau sai ya yabe shi da ƙarfi, yana dariya yana tafa hannu, ya manta bai ce tubarkalla ba. A Karare an san halinsa, ba mai damuwa. Amma ni gidan Fulani aka kai ni, inda ko ɗan maraƙi ba a yabo sai an haɗa da sunan Allah.

Shekarar ita ce wadda ta biyo bayan babban farin nan, ina da cikin babbar yayarku. Damina ta yi gardama, gero bai yi kai ba, harawa babu, karan dawa ma an cinye shi tun kaka ba ta yi nisa ba. Ƙannen babanku suka kora garken gidan can cikin dajin Rugu har gaba, aka bar mana shanun tatsa a gida, waɗanda da nononsu muke ci muke sha. Kafin tsakiyar rani sun koma ƙashi da fata. Na ga saniya tana tauna tsumma, na ga wata tana gwaguyar ƙashi a juji. Surukata, wadda duk gidan ke kira Inna, takan tsaya bakin turke ta kira su da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, sannan ta koma ɗaki.

A lokacin arzikin mai ya fara shigowa ƙasa. Mu dai labari muke ji, sai sababbin motoci da muke gani a hanyar Katsina. Manyan mutane suka shiga kiwon kajin turawa, farare fat, cike da dogayen ɗakuna, sai ka ce ba za su ƙare ba. Baffanku Sale, wan babanku, ya samu aikin shara a irin wannan gidan gona kusa da birni. Wata ranar kasuwar Batsari sai ga shi a bayan a-kori-kura da buhuna, yana washe baki tun daga nesa.

"Inna, na kawo wa shanunki abinci."

Inna ta kwance bakin buhu, ta ɗebo, ta shinshina, ta ja da baya.

"Sale, kashin kaji ne fa wannan. Birni ta taɓa maka kai ne?"

"Wallahi Inna ba kashi kaɗai ba ne. Da ɓuntun shinkafar da ake shimfiɗa masu, da tsabar da suke zubarwa. Masu kiwon sa a birni rububinsa suke yi. Ki haɗa da dusa da 'yar kanwa, ki sha kallo."

Har gobe ban ga laifin Sale ba, kuma ba na son in ji wani cikinku ya ɗora mashi. Alheri ya nufa, kuma da farko alherin aka gani. Shanun suka yi ta shinshina suna kau da kai, yunwa ta ci ƙarfinsu suka sa baki, daga nan kuma sai da sanda ake raba su da kwamin da muke zuba masu. Gashinsu ya kwanta, haƙarƙari ya ɓuya, nono ya dawo har na koma ɗaukar ƙwarya zuwa kasuwa. Maƙwabta suka riƙa leƙowa ta kan shinge suna mamaki. Saniya guda ce ba ta ƙoshi, Fure, saniyar Inna ta kanta, wata fara mai sanyin hali. Sauran na ture ta, sai sun gama take samun ta lashi gindin kwamin.

Da buhunan farko suka ƙare Sale ya aiko da wasu. Waɗannan sun fi nauyi, da danshi a jikinsu, da wani wari mai hawa kai wanda ni mai ciki ba na iya tsayawa kusa da shi. Ba wanda ya kawo komai a ransa, kashin kaji ai dama ba turare ba ne. Ana cikin ba su wannan ne babana ya zo duba ni, da 'yar gyaɗa da daddawa a kan jakinsa. Bayan an gaisa an sha fura, babanku ya zagaya da shi wurin turke. Ina daga bakin madafa na jiyo muryar Baba.

"Kai! Kai! Kai! A wannan ranin? Yaro, waɗannan shanu naka ko na sarki! Dubi hantsar waccan, kamar ta fashe!"

Na ga Inna ta ɗago kai daga kaɗin da take yi. Na ga leɓenta na motsi tana tubarkalla, tubarkalla, a madadinsa. Na ce a raina ai sun san halin Baba. Ya yi la'asar, ya hau jakinsa ya tafi yana sa mana albarka.

Ba a yi kwanaki da yawa ba, da hantsi, wadda ya yaba hantsarta ta fara tangaɗi da ƙafafun baya. Kafin azahar ta kwanta. Jama'a, ni na tashi cikin dabbobi, na auri makiyayi, amma ban taɓa ganin ciwo irin wannan ba. Jiki ba zafi, ba kumburi, ba zawo, ba ƙurji a baki ko a kofato. Idonta tar, tana kallonka, ka kira sunanta kunnenta ya motsa, amma jikin ya ƙi. Harshe ya zazzago waje tana dalalar da miyau, in ka mayar mata shi cikin baki sai ya sake faɗowa. A kawo ruwa ta sa baki, ta kasa haɗiya. Washegari wata ta bi ta, sannan wata, sannan wata. Babanku ya jiƙa duk saiwar da ya sani, aka yi rubutu aka ɗura, aka yi hayaƙi, shiru. Waɗanda suka rage a tsaye kuwa sai muka ƙara masu abincin nan, wai su samu ƙarfin jure abin da ke zuwa. Kun ji fa, ƙara masu muka yi, da hannuwanmu, muna bisimilla. Wadda aka samu da sauran rai aka yanka, amma ba wanda ya iya kai naman bakinsa. Turken da ke cike ya koma igiyoyi a ƙasa, maruƙa na kuka ba iyaye. Fure ce ta kwanta daga ƙarshe.

Ban san bakin da ya fara furta maganar ba. Na dai ga mata sun daina shigowa ɗakina ɗibar wuta. Na je rijiya aka yi tsit. Sannan magana ta fito fili: shanun da ke daji lafiya lau suke, ko ɗaya bai yi tari ba, sai waɗanda idon Nomau ya gani. Kuma wace cuta ce ke barin ido a buɗe ta kashe jiki, in ba an kama kurwa ba? Daga kambun baka aka koma maita. Aka tuno asalinmu, aka ce dama Bamaguje ko ya yi salla ƙanƙarar maitar na nan a cikinsa. Ranar da babanku ya shigo ɗakina da rana tsaka ya tsaya yana kallon ƙasa, na san da magana.

"Inna ta ce a je a zo da Baba ya tsallake Fure."

"Ya yi me?"

"Ya tsallake ta kawai. In ba shi ba ne, ai ba abin da zai faru."

"Kai ma ka yarda ke nan? Mutumin da ya ba ka ɗiyarsa, ya ci tuwo da kai a akushi guda?"

"Ni ban ce na yarda ba. Amma Inna ta rantse, in bai zo ba, ba za ta ƙara kwana gida ɗaya da jininsa ba."

Ku yaran yanzu ba lalle ku san nauyin wannan ba. A wurinmu in an zargi mutum da kama kurwa, sai a sa shi ya tuɓe riga a gaban jama'a, ya tsallake majinyacin, ya kuskure baki a ba majinyacin ruwan. Wai ta haka yake sakin abin da ya kama. In ya ƙi, a ce mugu ne ya ƙi saki. In ya yi, ai ya amsa ke nan. Ba ƙofar fita ko ta ina. Kuma tabon ba ya tsayawa kan mutum guda, yana bin 'ya'ya da jikoki, a ƙi auren 'yan matan gidan, a hana yara cin abincinsu.

Ban jira kowa ba, na yafa zane na kama hanyar Karare da ƙafa, da cikina, ina tafe ina kuka ina masifa ni kaɗai. Na tarar labari ya riga ni. Yayyena maza sun fito da sanduna suna cewa duk Bafulatanin da ya tako ƙofar gidan sai an ɗauke shi. Baba na zaune gindin rumbu yana gyaran ƙotar fartanya. Mutumin da ba ya rufe baki don dariya, ranar ko haƙorinsa ban gani ba. Na durƙusa gabansa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mani, don haka Uwata yake ce mani.

"Baba, don girman Allah kar ka je. Na dawo gida ke nan. Su riƙe shanunsu su riƙe ɗansu."

"Uwata, in kin zauna nan, abin da ke cikinki a ina za a haife shi?"

"A nan mana, ba gidan ubana ba ne?"

"A haife shi a gidan da aka koro uwarsa saboda maita. To shi kuma wa zai tsallake ya wanke shi?"

Ya jingine fartanyar, ya dubi yayyena ya ce kowa ya ajiye sanda, wanda ya biyo shi bai yafe ba. Ya ce shi ya san cikinsa, Allah ma ya sani. Saniyar nan mutuwa za ta yi kamar 'yan'uwanta, in ta mutu bayan ya tsallake, kowa ya ga ba hannunsa, magana ta ƙare. Da wannan lissafin ya ɗora ni kan jaki, shi yana gaba da ƙafa, muka koma Ruma.

Ban san garin na da mutane haka ba sai ranar. Har kan shinge, har kan bishiya. Fure na kwance ta lanƙwasa wuya, ƙudaje na bin bakinta. Baba ya yi sallama, ba wanda ya amsa sai babanku, shi ma ciki-ciki. Ya cire hula ya miƙa mani. Ya cire riga. Dattijo mai furfura, surukin gidan, tsaye daga shi sai wando a gaban yaran da ya isa ya haifi iyayensu. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Ya ce bisimilla da ƙarfi yadda kowa zai ji, ya ɗaga ƙafa ya tsallake ta, ya dawo, ya sake. Aka miƙo ruwa a ludayi da hannu a miƙe, kamar mai ba kare, ya kuskure ya zuba a ƙwarya, aka ɗura mata. Ya karɓi rigarsa, ya dubi Inna ya ce, "Allah ya ba da lafiya, ya mayar da alheri." Ko ruwa bai sha ba ya juya.

Daga ranar na shiga wata addu'a da ban taɓa zaton zan yi ba. Saniyar da ta rage mana ke nan, ita ce nonon gidan, ita ce abin da zan sha in na haihu, amma duk sallar da na yi sai na ce Allah ka kashe Fure. Ina ba ta ruwa da hannuna ina roƙon kar ta haɗiye. Sai ta haɗiye. Aka dama mata kunun dusa, ta sha. Harshe ya koma ciki. Wata safiya ina shara sai na ji guɗa ta tashi daga bakin turke, na waiwaya, ga Fure tsaye kan ƙafafunta huɗu tana rawar jiki. Tsintsiyar ta faɗi daga hannuna. Gida ya kaure da hamdala, ni kuwa na zauna daɓas a ƙasa na ɗora hannu a ka, don na san an gama da babana. Inna ta zo ta dafa kafaɗata, wai lallashi take yi.

"Tashi, yarinya. Ai ya kyauta da ya saki. Ke ba ruwanki, zauna ɗakinki."

Gaskiya ta zo, amma ta makara. Ashe Sale ya aika wa wani surukinsa a Babban Duhu, can ƙasar Safana, irin buhunan nan na biyu. Shanun mutumin suka zube kamar namu, harshe waje, ido buɗe, a garin da babana bai taɓa takawa ba. Mutumin ne ya kai kuka wurin hukuma, aka turo malamin dabbobi, wani dogo mai babur. Malamin ya bi sawun buhunan har gidanmu. Sauran namu na jingine bayan rumbu, tunda ba shanun da za su ci. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya zazzage buhu guda, ya sa kara yana tonawa. Sai ga fiffike. Sai ga ƙafa da faratanta. Sai ga mushen kaza sukutum, ta bushe ta manne da kashin, sannan wata, sannan wata. Mu daga sama muke ɗiba da ƙwarya, guntun gashi in mun gani mu ce ai na kaji ne. Inna ta toshe baki da gefen zane. Babanku ya ce, "La'ilaha illallahu, mushe muka ba su?"

Malamin ya yi mana bayani a natse. Ya ce kashin kaji cike yake da wasu ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani sai da madubin likita. In an shanya shi ya bushe sarai, an tsince shi, sau da yawa dabba na ci ta zauna lafiya, shi ya sa na farko bai yi komai ba. Amma in kaza ta mutu aka bar ta ta ruɓe a ciki, ga danshi, akwai wata ƙwaya da ke hayayyafa a mushen tana fitar da dafi. Dafin ba ya kawo zazzaɓi, jijiya yake kashewa, tun daga ƙafa har maƙogwaro. Wadda ta ci da yawa ta tafi, wadda ta ci kaɗan takan tashi in an yi ta ba ta ruwa. Ya tambaya ko wadda ta tashi mai cin kirki ce. Duk gidan kowa ya san Fure gindin kwami take lasa. Daga baya Sale ya zo yana kuka kamar ƙaramin yaro, ya ce lallai an yi annoba a wani ɗakin kajin, kuma daga nan aka kwashe sharar.

Babanku, Allah ya jiƙansa, bai yi ƙasa a gwiwa ba. Ya je Karare ya durƙusa gaban Baba, Baba ya ce ya yafe tun ranar. Ya tashi a masallacin Juma'a ya faɗi abin da malamin dabbobi ya ce, ya ɗauki mushen kazar a tsumma yana nuna wa mutane. Inna kanta ta aika da ƙwaryar man shanu da ban haƙuri. Amma ina! Bayanin malami kunne ne ya ji, kuma mutane kaɗan. Tsallaken kuwa gari guda ya gani da ido, ya kuma ga saniya ta tashi. Wasu suka ce ƙwayar da ba a gani ai ita ce maitar. Wasu suka ce babanku ma an shanye shi. Na yi faɗa a rijiya, na yi a gidan biki, na yi a kasuwa har aka sa mani suna mai bakin wuta, ban fasa ba, kuma ban ci nasara ba.

Na haihu da farkon damina. Baba ya aiko da gero da rago, amma bai zo suna ba. Na yi fushi ƙwarai, na ce wato shi ma ya juya mani baya. Bayan na yi arba'in na fita da nono ranar kasuwar Batsari, sai na hango shi a layin 'yan gyaɗa. Ya rame. Mutumin da da in ya zauna sai an kewaye shi ana dariya, ga shi zaune shi kaɗai, fili ta hagu fili ta dama. A gabana wata mata ta fizge hannun ɗanta da ya nufi wajensa. Fushina ya bi iska. Na sauke ƙwarya, na durƙusa na gaishe shi, na kwance goyo da sauri.

"Baba, ga amaryarka. Ka ƙi zuwa, ta biyo ka har kasuwa."

Ya leƙo fuskarta. Na ga dariyar nan tasa ta taso, bakinsa ya buɗe zai yaba, sai ya kama leɓensa ya haɗiye. Na miƙa mashi ita. Ya mayar da hannuwansa biyu baya ya riƙe.

"Mayar da ita bayanki, Uwata."

"Haba Baba, jikarka ce fa!"

"Na sani. Yaro ba ya rabo da zazzaɓi. In na ɗauke ta yau gobe jikinta ya yi ɗumi, me za su ce? Bar ta ta tashi ba wanda ya taɓa ganin ta a hannuna."

Na tsaya da jaririya a hannu a tsakiyar kasuwa, hawaye na zuba a kan zanenta, shi kuma yana ta kallon ta hannuwansa a baya. Haka ya yi da ita, haka ya yi da duk wanda na haifa bayanta. Ku manyan kuna cewa kun tuna kakanku na Karare mutum ne mai ɗaure fuska, ba ya wasa da jika, ko kai bai taɓa shafa maku ba. To yau kun ji dalili. Duk zuwan da na yi da ku, in za mu tafi sai ya raka mu har bakin gari, ya tsaya daga nesa yana kallonku har mu ɓace, hannuwansa a baya.